Idan aka kai yaro Kirikiri, wa zai dawo mana?

Ranar da aka sallamo ƙanin maƙwabcina daga asibiti, bencin mai shayinmu a Agege ta Legas bai ɗauki jama'a ba, wasu a tsaye suka sha. Kowa ya zo ganin hannun. Mahauci ne, a mayankar Oko-Oba yake aiki tun yana saurayi, kuma hannun dama aka sara. Ya miƙo shi ƙarƙashin fitilar mai shayi, an naɗe da bandeji har gwiwar hannu, ya yi ƙoƙarin dunƙulewa muna kallo. Babban yatsa da manuni suka motsa. Sauran ukun suka ƙi.

Waya aka zo ƙwacewa da magariba kusa da gadar Pen Cinema, shi kuma ya riƙe abarsa. Su uku ne, biyu suka tsere, aka kama wanda ya yi saran. Waɗanda suka gan shi sun ce in ya yi yawa shekararsa 15. Ko gashin baki bai fara ba, silifas ɗin ƙafarsa ma wari da wari ne. Har an gangaro da taya, Allah ya kawo wata mata mai sayar da burodi ta faɗa kansa tana ihu da Yarabanci, ta hana a taɓa shi har 'yan sanda suka iso.

Wani dattijo da muke girmamawa ya ajiye kofinsa ya ce, "Wanda ya iya riƙe wuƙa ya iya riƙe hukuncin manya. A kai shi kurkukun Kirikiri ya ruɓe. A daina ce mana wai yaro ne." Duk wurin aka amsa. Ni ma ban yi musu ba, domin ba a gaban mai ciwo ake jayayya ba. Amma na koma gida da maganar, na tarar da ɗana mai shekara 15 ya yi barci a kan tabarma da littafin makaranta a ƙirji, bai ko rufe ƙofa ba duk da sau nawa na faɗa masa. Na daɗe a tsaye ina kallonsa.

Ra'ayina shi ne: yaron da ya aikata babban laifi a hukunta shi, hukunci na gaske mai nauyi, ko da zai kai shekaru a tsare. Amma kada a auna shi da mudun manya, kada a zuba shi cikin kurkukun manya, kada a yanke masa kisa ko ɗaurin da ba ranar fita. Ba tausayi kaɗai ya sa na faɗi haka ba. Ina zaune a unguwar da yaron zai dawo.

"Ai ya san abin da yake yi"

Ya sani. Ba wanda ya ce ɗan shekara 15 bai san wuƙa tana yanka ba, ko bai san ƙwace haramun ne ba. Ɗan shekara bakwai ma ya sani. Amma sanin abu daban, iya riƙe kai daban.

Mu duba yadda muke mu'amala da 'ya'yanmu. Wane ɗan kasuwa ne a Mile 12 zai damƙa wa ɗan shekara 15 mabuɗin shago da littafin bashi ya tafi gida hutun sallah wata guda? Wa zai ba shi tirela ya kai shanu daga Maigatari zuwa Legas? Hukuma ba ta ba shi lasin tuƙi sai ya kai 18, ba ya jefa ƙuri'a sai ya kai 18. In ya zo ya ce zai yi aure, dariya za a yi masa a ce ya je ya girma tukuna. A duk inda amfani yake muna cewa hankalinsa bai nuna ba. Sai ranar da ya yi ɓarna ne za mu ce ai babba ne cikakke?

Iyayenmu sun ce yaro bai san wuta ba sai ya taka. Likitocin ƙwaƙwalwa sun zo sun tarar da abin da suka faɗa: ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke taka wa mutum birki ya sa shi hango ƙarshen abu, shi ne na ƙarshen nuna, kuma ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20. Shi ya sa yaron da in yana shi kaɗai ko kaza ba zai iya yankawa ba, in ya shiga cikin abokai uku ana zuga shi, ga ƙwaya a kai, sai ya aikata abin da shi kansa gobe zai rasa bayaninsa. Duk wanda ya yi ƙuruciya ya san wannan zugar. Da yawanmu Allah ne kawai ya rufa mana asiri, abin da muka yi bai kai ga jini ba.

"A Musulunci ai ya balaga"

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawo mini a masallaci, kuma ba zan yi mata kwana ba.

Abin da muka karanta a zaure shi ne an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. Yaron da bai balaga ba ba a yi masa ƙisasi. Ko da gangan ya yi kisa, yawancin malamai suna ba gangancinsa hukuncin kuskure, diyya kuma ta hau kan danginsa. Idan alamomin balaga ba su bayyana ba, mazhabar Malikiyya da muke bi tana jira har shekara 18, Shafi'iyya da Hambaliyya suka ce 15. To amma gaskiya ne, ɗan shekara 16 da alamomi suka bayyana masa mukallafi ne a fiƙihu. Ban musa ba.

Sai dai mu tambayi kanmu: kotun Legas ƙisasi take yi? Haddi take tsayarwa? Ba ɗaya. Babu kotun shari'ar Musulunci mai hukunta laifuka a jihar nan. Abin da ake magana a kai shi ne ɗauri, shekara kaza a gidan yari, kuma irin wannan horon hukuma ce ke tsara shi gwargwadon abin da zai gyara al'umma. Ba aya ba ce da za a ce an saɓa. Saboda haka tambayar da ta rage ita ce wane irin ɗauri ne zai rage mana ɓarna.

Kuma Alƙur'ani da kansa ya raba balaga da nunar hankali. A Suratun Nisa'i, da aka zo maganar dukiyar marayu, ba a ce da zarar sun isa aure a miƙa musu ba, sai da aka ƙara sharaɗin a ga shiriya a tare da su. A ayar ƙisasi ta Suratul Baƙara kuwa, a nan take aka buɗe ƙofar afuwa da diyya. Masu cewa addini ne ya tilasta a jefa yaro cikin manyan 'yan fashi shekara 20, su nuna mana inda aka ce haka.

Ai mun riga mun gwada

Ana magana kamar yanzu lallaɓa yaran ake yi, sai an kawo sabuwar doka mai tsanani za a ga sauyi. Wanda ya taɓa zuwa belin wani a garin nan ya san ba haka ba ne.

A takarda, dokarmu tana da kyau. Dokar 'Yancin Yara ta tarayya ta 2003 ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne, ta hana a yanke masa kisa ko a kai shi kurkuku, amma ta ba kotu damar tsare shi tsawon lokacin da ta ga ya dace idan laifin babba ne irin kisa ko fashi. Legas ta yi tata a 2007, da kotunan iyali masu sauraron shari'ar yara. Akwai gidan gyaran yara maza a Oregun, na mata a Idi-Araba. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta sake cewa kada a haɗa yara da manya, har ta ce a gina gidan horon matasa a kowace jiha. Shekara da shekaru kuwa uku aka sani a duk faɗin ƙasar nan: Kaduna, Ilorin da Abeokuta.

A aikace fa? A watan Agustan 2017 babbar mai shari'a ta jihar Legas ta lokacin, Oluwafunmilayo Atilade, ta kai ziyara kurkukun Badagry, ta saki yara 80 da ta tarar a ciki. Tamanin, a gida ɗaya, a rana ɗaya. Kurkukun Ikoyi da aka gina don mutum 800, lokacin da wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a Disambar 2019 sama da mutum 3,000 ne a cikinsa. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

Mu kuma 'yan Arewa ba mu manta da ranar 1 ga Nuwamban 2024 ba, da aka jero yara a babbar kotun tarayya a Abuja, waɗanda aka kama a zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, akasarinsu daga Kano da Kaduna. Tuhumar har da cin amanar ƙasa. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali saboda yunwa, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Aka sa belin kowanne naira miliyan 10. Sai da ƙasa ta ɗauki zafi shugaban ƙasa ya ce a sake su. A ranar duk majalisar mai shayinmu cewa ake yi, "Haba, yara ne fa!" Har da dattijon nan namu.

Wato hukuncin manya da ake nema wa yara, an daɗe ana yi musu shi, ba tare da shari'a ba ma. To ya hana? A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, mu ne muka kwana a bakin titi muna ƙona taya da sanduna a hannu saboda tsoron gungun 'yan daba na One Million Boys. 'Yan Awawa sun daɗe suna addabar Agege da reza da wuƙa, kuma da yawansu ƙananan yara ne. A 2021 gwamna ya sa hannu a dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga 'yan ƙungiyar asiri. Duk da haka hannun ƙanin maƙwabcina bai tsira ba. A gida ma haka: 'yan daba a Kano, sara-suka a Bauchi da Jos, kalare a Gombe, 'yan shila a Yola. Ba ƙarancin duka ko ɗauri ne ya raya su ba.

Yaron da ke shirin fizge waya a cunkoson Oshodi ba lissafin shekara 7 ko 21 yake yi ba. Abu ɗaya ne a kansa: za a kama ni ko ba za a kama ni ba? In ya ga abokansa sun yi sau goma sun sha, ko dokar rataya aka rubuta bai dame shi ba.

Amurka ta bi wannan hanyar kafin mu. A shekarun 1990 jihohinta da yawa suka sauƙaƙa kai yara kotun manya. A 2007 wani kwamitin masana da ke aiki da CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, ya tattara binciken da aka yi a kai, ya tarar yaran da aka bi da su ta hanyar manya sun fi komawa ga laifi bayan sun fito, in aka gwada da takwarorinsu da aka bari a tsarin yara. Kotun ƙolinsu ta haramta kashe wanda ya yi laifi yana ƙasa da 18 a 2005, a 2012 kuma ta hana a wajabta wa yaro ɗaurin rai da rai marar fita. Ƙasar da ke da kuɗin gina kurkuku ke nan ta ja da baya.

Wanda zai fito

Ga lissafin da ba a son yi. An ɗaure ɗan shekara 15 shekara 14. Zai fito yana da 29, da ƙarfinsa, ba tsoho ba. Ina zai nufa? Agege. Layinmu.

A shekarun da ake koyon sana'a, ake koyon yadda ake gaida manya da yadda ake haƙuri da ciniki, shi yana ɗaki ɗaya da waɗanda suka yi fashi da bindiga. Shi ne ƙarami, saboda haka shi ne mai wankin kwano, mai kwana kusa da bokitin bahaya, kuma akwai abin da ake yi wa ƙananan yara a irin wannan wuri wanda baki ba ya iya faɗa. Don ya rayu dole ya sami ubangida. Ubangidan nan shi zai zama malaminsa, shi zai ba shi lambar wayar da zai kira ranar da ya fito. Zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai. Mun kai mai fizgen waya, mun karɓo ɗan fashi, kuma da kuɗin harajinmu aka yi masa karatun.

To wanda aka cuta fa?

Nan ne maganar ta fi yi mini nauyi, domin kullum da safe ina ganin mutumin. Yana da mata da 'ya'ya biyu. Mahaucin da ba ya iya dunƙule hannun dama, me ya rage masa? Yanzu zama yake yi a gefen teburin yayansa yana karɓar kuɗi yana ba da canji da hagu. Wuƙar ba ta tambayi shekarun mai riƙe da ita ba kafin ta tsinke jijiya. Uwar da aka kashe wa ɗa, in ka ce mata ai wanda ya kashe shi yaro ne, ka ƙara mata ciwo ne kawai. Duk mai kare ra'ayi irin nawa da ya kasa kallon wannan ido da ido, bai cancanci a saurare shi ba.

Amma me ɗaurin shekara 20 zai sa a hannun ƙanin maƙwabcina? Kuɗin asibiti mu muka haɗa, 'yan layi da abokan sana'arsa. Ba wanda ya zo daga wata hukuma ya tambaye shi yadda zai ci da iyalinsa. A tsarin da muke da shi, wanda aka cuta shaida ne kawai: a kira shi kotu, ya bar nemansa, a ɗage shari'a, ya sake dawowa, har ya gaji ya daina zuwa. Daga nan shari'ar ta mutu, yaron kuma ya ci gaba da zama a tsare ba hukunci. Kowa ya yi asara.

A nan ne nake ganin hikimar ɗora diyya a kan dangi. Yaro ba daga sama ya faɗo ba. Yana da uba, ko kawu, ko wanda ya ɗauko shi daga ƙauye ya sauke shi a Legas ya juya baya. A nemo su. Kotu ta sa su biya kuɗin magani da wani abu na asarar sana'a, ko da kaɗan-kaɗan ne a wata. Ranar da uba ya san wuƙar ɗansa za ta ci masa jari, zai fara tambayar inda yaron yake kwana.

Kuma ban ce kowane yaro yana gyaruwa ba. A 1993 a Ingila, yara biyu 'yan shekara 10 suka sace wani yaro ɗan shekara biyu a yankin Liverpool suka kashe shi. An tsare su shekara takwas a gidajen tsaron yara, aka sake su a 2001 bisa sharuɗɗa. Ɗaya ya sake aikata laifi aka mayar da shi kurkuku har sau biyu. Ɗayan ba a sake gurfanar da shi ba. Laifi ɗaya, shekaru ɗaya, ƙarshe daban. Ba alƙalin da zai iya duban ɗan shekara 10 ko 15 ya san wanne zai zama. Shi ya sa nake cewa a tsare shi, amma a bar ƙofar dubawa: bayan shekaru a sake zama a kansa, wanda ya gyaru a sassauta, wanda har yanzu haɗari ne a ci gaba da riƙe shi. Hukuncin manya rufe wannan ƙofar yake yi tun ranar farko.

Mu tuna kuma ba kowane yaro mai babban laifi ne ɗan daba ba. A 2014 an gurfanar da wata yarinya 'yar shekara 14 daga yankin Gezawa a Kano, ana zarginta da sa wa mijin da aka aura mata shinkafar ɓera a abinci, mutum huɗu suka mutu. Masu gabatar da ƙara kisa suka nema, kafin a janye tuhumar a 2015. Rayuka huɗu ba wasa ba ne. Amma wa zai ce a ajiye wannan yarinyar a ma'auni ɗaya da ƙato ɗan shekara 40 da ya tare hanya da bindiga?

"Manya za su riƙa turo yara"

Wannan hujjar tana da ƙarfi, kuma tana faruwa. Idan aka san hukuncin yaro bai kai na babba ba, mugu zai ba yaro wuƙar ya tsaya daga nesa.

To amma maganinta a ƙara wa yaron shekaru? An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Yaron da ya fizge waya da magariba, kafin isha'i ta bar hannunsa. Akwai babba mai shago da ke karɓa ya goge ta ya sayar. Akwai babba mai sayar masa da tiramol da sholisho. Akwai babban da ke karɓar kason sa kowane dare a ƙarƙashin gada. Lokacin zaɓe kuma akwai mai babbar riga da ke aiko da mota a kwashe su. Duk unguwa an san su, mu ma mun san namu. Ga wanda ya kamata a ninka wa hukunci: duk babban da aka samu ya sa yaro laifi, a ɗora masa nasa da na yaron. In ba haka ba, ka ɗaure yaro ɗaya yau, gobe ya ɗauko wani, domin yaran da ba su da mai tambayarsu ba sa ƙarewa a garin nan.

A kan 'ya'yan wa za ta faɗa?

Shekarun baya an kira ni wani ofishin 'yan sanda in yi tafinta. An kama wani yaro ɗan jari-bola da guntayen waya da ƙarfe a buhu, ana zargin na sata ne. Wata biyu ke nan da saukarsa daga tirela, ba Turanci ba Yarabanci. Yana tsugune a ƙasa, babu riga, yana ta murza yatsun ƙafarsa. Jami'in ya ce in tambaye shi shekarunsa.

Na ce, "Ɗana, shekararka nawa?"

Ya ce, "Baba, inna ta ce da damina aka haife ni, shekarar da kakana ya rasu."

Jami'in ya dube shi sama da ƙasa, ya ga dogo ne, ya rubuta 19. Na ce ranka ya daɗe, wannan muryarsa ma ba ta gama buɗewa ba. Ya ce in kawo takardar haihuwa. Wace takarda? A ƙauyensu a ɗaki aka haife shi. Da wannan lamba biyun da biro ya rubuta, yaron ya tashi daga kotun iyali ya koma kotun manya, daga Oregun ya koma Ikoyi ko Kirikiri. Sai da muka yi kwana uku muna zirga-zirga, aka samo yayansa a Alaba Rago, dattawa suka sa baki, kafin a ba da shi.

Ɗan mai hali in ya yi laifi, kafin rana ta faɗi ga lauya, ga takardar haihuwa, ga ta makaranta. Wanda za a auna da ido shi ne mai wankin takalmi, ɗan ga-ruwa, almajirin da ya biyo motar tumatir. Duk dokar da aka tsananta, a kan waɗannan za ta fara sauka. Masu kiran a yi wa yara hukuncin manya a majalisar mai shayinmu, 'ya'yan 'yan uwansu suke kira wa ba su sani ba.

Mu ma muna da laifi a nan. Rajistar haihuwa a hukumar ƙidaya ba wani abu mai wuya ba ne, amma sai mu yi sakaci. Kuma muna ɗora yaro ɗan shekara 13 a bayan tirela mu ce ya tafi Ikko neman kuɗi, ba mu san wanda zai karɓe shi ba.

Abin da nake so a yi da yaron Pen Cinema

Ba na so a sake shi. Wanda ya sari mutum don waya bai kamata ya kwana a gida ba, kuma sakin irinsu bayan kwana biyu shi ke sa mutane su ɗauko taya da fetur. Ina so a kai shi gaban alƙali cikin makonni, ba shekaru ba, a tabbatar da shekarunsa ta hanyar likita da shaidun da suka san shi, a yanke masa lokaci mai tsawo a wurin da babu manyan masu laifi. Wurin ya kasance da katanga da doka, a tashe shi da asuba, a raba shi da ƙwaya, a sa shi aji, a koya masa walda ko kanikanci ko ɗinki har hannunsa ya faɗa. In ya fara samun kuɗi da sana'ar, wani kaso ya riƙa zuwa gidan mutumin da ya nakasa. In mutumin ya yarda, wata rana a zaunar da yaron a gabansa ya ga yatsun nan uku da idonsa.

Wannan yana cin kuɗi, na sani. Jihar da ta gina jirgin ƙasa daga Marina zuwa Mile 2, ta kuma ja wani ya ratsa ta Agege, ba za ta ce gidan gyaran yara ya fi ƙarfinta ba. Mu kuma da muke da sarakunan Hausawa a unguwanni, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da masallatan da ake tara kuɗi duk Juma'a, ya kamata a ce akwai mutum biyu ko uku da aikinsu shi ne zagaya ofisoshin 'yan sanda da kotuna suna tambaya ko akwai yaro a ciki, namu ko na wasu.

Na koma wurin dattijon nan bayan kwana biyu, shi kaɗai, na faɗa masa duk wannan. Ya saurare ni har ƙarshe yana jan carbi. Ya ce, "Malam, maganarka tana da hanya. Amma da ɗanka aka sara, haka za ka ce?" Na ce masa, "Baba, wataƙila da ni ne zan fara ɗauko tayar. Shi ya sa ba a ba wanda aka cuta kujerar alƙali." Bai ce ya yarda ba, ni ma ban matsa ba.

Shi kuwa mai hannun, ranar Juma'ar da ta wuce muna dawowa daga masallaci ya tambaye ni ko na san inda aka kai yaron. Na ce ban ji ba. Ya ce shi ma tun ranar da aka ɗauki bayaninsa a gadon asibiti ba wanda ya sake kiransa. Mun yi da yayansa ranar Litinin za mu je ofishin mu tambaya, mu ga shekara nawa aka rubuta masa a takarda.